Kafin ka biya kuɗin rijistar injinka, bincika ko wani ya riga ka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Sabon Garin Zariya, ina ƙera ƙofofi da ƙananan injinan noma. Na haɗa injin ɓarar gyaɗa wanda ba ya fasa tsaba kamar na kasuwa. Na sa masa rariya a sama da ke raba manyan kwanso da ƙanana, kowanne ya bi ɗakinsa, ga kuma hannu a gefe da ake matse rariyar ƙasa ko a sassauta ta inji na tafiya. Daga nan har Kano ban taɓa ganin irinsa ba. Wani ya ce in kawo kuɗi ya samo mini takardar mallakar ƙirƙira daga Abuja, wai ba sai na yi bincike ba tunda gwamnati za ta duba. Kuɗin da ke hannuna na kayan ɗakin 'yata ne. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa ne ya ba ni kuɗin ƙarfen farko, yanzu yana son guda biyar, yarana na shago kuma sun ɗauki bidiyon gwaji a waya. Tsoron kada a kwaikwaye ni ya hana ni barci. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma nuna mana bikin lafiya. Kada ka taɓa kuɗin kayan ɗakin nan tukuna, kada ka miƙa wa Alhaji inji ko ɗaya, sannan yau ɗin nan ka kira yaranka ka ji inda bidiyon ya kwana. Da bincike za ka fara, kuma mafi yawansa kai da kanka za ka iya yi, ba abin da zai ci maka sai kuɗin data da na buga takardu.

Wanda ya ce maka gwamnati za ta duba bai faɗa maka yadda abin yake ba. Dokar da ke aiki a Nijeriya kan wannan ita ce dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970. Ofishin rijistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Abin da magatakarda yake dubawa shi ne ko takardunka sun cika: suna da adireshi, bayanin ƙirƙirar, zanenta, da'awar abin da kake neman a tsare maka, kuɗin rijista, da kuma cewa ƙirƙira ɗaya ce ka kawo ba tarkace ba. In waɗannan sun cika zai ba ka takarda. Ba ya buɗe tarihi ya ga ko wani ɗan Sin ko ɗan Indiya ya ƙera irin injinka shekara talatin da suka wuce. Sashe na 4 na dokar ya faɗa ƙarara cewa ana bayar da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Sashe na 9 kuma ya ba kowa damar zuwa kotu ya nemi a soke ta, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a. Ma'ana, ranar da ka kai ƙarar wanda ya kwaikwayi injinka, lauyansa zai zauna gaban kwamfuta ya yi binciken da kai ba ka yi ba. In ya zaƙulo tsohuwar takarda mai irin zanenka, taka ta mutu, kuɗin rijista ya tafi, na lauya ya bi shi. Kamar mai sayen fili ne da aka damƙa masa takarda bai zaga wurin mai unguwa da maƙwabta ba, sai ya kai ginin linta mai tsohuwar takarda ya fito.

Ka kuma gane abin da doka ke nufi da sabo, don nan ne maƙera da yawa ke yin kuskure. Rashin ganinsa tsakanin Zariya da Kano ba hujja ba ne. Sabo a wurin doka shi ne abin da bai taɓa fitowa fili ba a ko'ina a duniya, a kowane zamani, ko a rubuce, ko da baki, ko ta amfani da shi a gaban jama'a, kafin ranar da ka shigar da takardunka. Kundin ɗalibi da ke kwance a laburare ya isa ya kashe ta. Hoton inji a shafin 'yan kasuwa ya isa. Bidiyon yaranka ma ya isa, za mu zo kansa. Bayan sabunta akwai sharuɗɗa biyu: dole a ga basira a ciki, wato ba abin da duk ƙwararren maƙeri zai yi tunaninsa nan take ba ne, kuma dole ya zama abin da za a iya ƙerawa a yi aiki da shi. Doka ta yarda a yi rijistar gyaran da aka yi wa tsohuwar ƙirƙira, muddin gyaran kansa ya cika waɗannan sharuɗɗa. Wannan ƙofa ce da za ta iya yi maka amfani, domin injin ɓarar gyaɗa daɗaɗɗen abu ne, ba wanda zai ba ka mallakarsa gaba ɗaya.

Kafin ka taɓa kwamfuta ɗauki takarda da biro ka warware injin gunduwa-gunduwa, kana sa wa kowane sashe lamba. Mazubi, gangar da ke juyawa, rariyar ƙasa da fankar da ke hure ɓawo, duk na kowa ne, rubuta su amma ka san ba a nan taka take ba. Naka su ne rariyar sama mai raba kwanso, ɗakuna biyu da kowanne ke da tazararsa, da hannun da ke canza tazara ba sai an kashe inji an ɗauko sifana ba. A gaban kowanne rubuta yadda yake aiki, ba sunan da ka ba shi ba. Shin ɗakunan biyu a kan shaf ɗaya suke? Hannun yana ɗaga rariyar ne gaba ɗaya ko gefe guda? Me ke riƙe shi kada girgiza ta kwance shi? Rariyar sama karkarwa take yi ko juyawa, kuma daga ina take samun motsi? Waɗannan ƙananan amsoshi su ne za su raba ka da wasu in akwai rabuwa. Wanda ya shiga bincike da "injin gyaɗa mai kyau" kawai a kansa, ko dai ya ga komai ya yi kama da nasa ya karaya, ko ya ga ba abin da ya yi kama ya ruɗi kansa.

Rumbunan da za ka duba kyauta ne. Akwai Google Patents, shi ya fi sauƙi ga mai farawa domin yana fassara takardun Sin da Japan da Koriya zuwa Turanci, yana kuma jera zane a gefe. Akwai Espacenet na ofishin rijistar ƙirƙira na Turai, mai takardu sama da miliyan 100 daga ƙasashe da dama. Akwai PATENTSCOPE na WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba. Yi aikin a kwamfuta, ba a waya ba, domin lambobin da ke jikin zane ƙanana ne, kuma za ka so buɗe takardu uku ko huɗu gefe da gefe. In Turancin zai yi maka nauyi, zauna da ɗanka ko wani ɗalibin injiniya da ka amince da shi; shi ya karanta, kai ka duba zane, don kai ka san ƙarfe. In a shagon kwamfuta na Samaru ko Kongo za ka yi, kada ka kai zanen injinka can, kada a bar komai a kan na'urarsu, ka kwashe abin da ka sauke a filas ɗinka. Kalmomin nema kawai za ka buga, ba cikakken bayanin sirrinka ba, kuma kada ka jefa tambayar a zauren WhatsApp na 'yan sana'a.

Kalmomin nan sai da Turanci, kuma a nan ake yawan tuntuɓe, domin abu ɗaya sunansa biyar. Mu da Indiya groundnut muke cewa, Amurka da fassarar takardun Sin peanut suke cewa, to wanda ya buga na farko kaɗai ya bar mafi yawan takardun a baya. Shi injin kuma wani ya kira shi sheller, wani decorticator, wani huller, wani husking machine. Rariyar ƙasa ita ce concave ko screen, tazarar clearance ko gap, rabon kwanso grading ko sorting. Haɗa su da OR tsakanin masu ma'ana ɗaya, da AND tsakanin rukuni da rukuni. A Espacenet in ka rubuta shell da alamar tauraro a ƙarshe, zai kamo sheller da shelling duka. Ka gwada da Faransanci ma, arachide da décortiqueuse, saboda daɗewar noman gyaɗa a Senegal da maƙwabtanta. Abubuwa biyu za su cika maka ido ba su shafe ka ba: injinan cire jar fatar tsaba, waɗanda ake yawan kira peeling, da injinan tsinke gyaɗa daga harawa. Ka wuce su.

Kalma kaɗai ba ta isa, domin masu rubuta waɗannan takardu sukan kauce wa sunan da kowa ya sani, fassarar na'ura kuma tana karkata ma'ana. Abin da ba ya karkata shi ne lambar rukuni. Duniya ta raba fasaha kashi takwas, daga A zuwa H, kowace takarda kuma tana ɗauke da lambar rukuninta a shafin farko, a gaban lamba 51. Injinan ɓarar 'ya'yan itace masu kwanso suna A23N 5/00, na gyaɗa takamaimai A23N 5/01. Buga wannan lamba, duk abin da aka ajiye a rukunin zai fito ko da wane harshe aka rubuta shi. Kada ka tsaya nan. Hannunka na daidaita tazara ka neme shi a rukunin injinan sussuka da casa, A01F 12/28, wanda aka ware musamman don na'urorin daidaita rariyar ƙasa. Kasancewar har rukuni aka yanka wa wannan dabara ya isa ya nuna maka cewa daidaita tazara ita kaɗai tsohon abu ne. Rariyar sama kuma ka duba ta a B07B, rukunin tankaɗe da rairaya, ka leƙa B02B na surfe da cire ƙaiƙayin hatsi. Dalili shi ne, in an taɓa yin irin hannunka a injin waken soya ko na shinkafa, lauyan abokin shari'a zai ce ɗauko shi ka yi ka ɗora wa gyaɗa, kuma kotu za ta saurare shi.

Takardun rukunin gyaɗa suna da yawa ƙwarai, akasarinsu daga Sin, masu lamba da ke farawa da CN ta ƙare da U. Waɗannan ƙananan takardu ne na shekara 10 da ake bayarwa ba da dogon bincike ba, amma tunda an wallafa su, suna kashe sabunta kamar kowace babbar takarda. Kada yawan ya firgita ka, ba karanta su duka za ka yi ba. Zane za ka riƙa wucewa da ido, daƙiƙa goma ko ashirin kowanne, wanda ya ja hankalinka ka ajiye lambarsa. Daga ɗaruruwa za ka tace ashirin ko talatin, daga nan biyar zuwa goma da suka fi kusa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, gangara ƙasan shafinta, za ka ga jerin tsofaffin takardun da ta ambata da sababbin da suka ambace ta. Bi su. A nan ne aka fi cin karo da wadda ta yi kama da naka sosai. Alamar cewa ka kusa gamawa ita ce ka canza kalma, ka canza rukuni, amma takardun da ka riga ka gani su ne ke sake dawowa. Ka ware wa aikin kwana uku ko huɗu, awa biyu zuwa uku a zama, don ido in ya gaji yakan tsallake abin da ake nema.

Karanta takarda ma da tsarinsa. Fara da zane, ka bi lambobin sassan cikin bayani, sannan ka je da'awa ta ɗaya. Amma ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin tambayoyi biyu ne mabambanta. In kana tambayar ko naka sabo ne, duk abin da ke cikin takardar ana lissafa shi, har layi ɗaya a tsakiyar bayani da ya ce ana iya raba ɗakin biyu, ko da mai ita bai yi da'awarsa ba, ko an ƙi ba shi, ko ta mutu tun 1960. In kuwa kana tambayar ko ƙera naka zai taka haƙƙin wani, da'awar ce kaɗai abin dubawa, kuma sai takardar tana raye a Nijeriya. Harafin ƙarshen lamba yana taimakawa: a yawancin ofisoshi A na nufin buƙata ce aka wallafa, B na nufin an bayar. Wasu takardun suna ɗauke da rahoton mai bincike a bayansu, inda ya sa X a gaban tsohuwar takardar da ita kaɗai ta kashe da'awar, Y a gaban wadda sai an haɗa ta da wata, A a gaban wadda shimfiɗa ce kawai. Rahoton nan aikin ƙwararre ne da ka samu a ɓagas, buɗe duk mai X da Y.

Daga nan sai ka ja layuka a takarda. Sassan injinka a jere daga sama zuwa ƙasa, takardun da ka tace a jere a sama, kowane gurbi ka sa alama in takardar tana da wannan sashe, tare da lambar shafi ko zane. In takarda guda ta cika duk guraben, injinka ba sabo ba ne, magana ta ƙare. In wata tana da rabon kwanso da ɗakuna biyu, wata kuma tana da hannun daidaitawa, sai a koma tambayar basira: haɗa su abu ne da duk mai walda zai yi, ko kuwa haɗin ya warware wata matsala da ba a zata ba? A nan awo ke magana. Ɗauki gyaɗa busasshiya daga buhu ɗaya, ka ware zubi shida, kowanne kilo 10, uku a injinka, uku a na kasuwa, kowane zubi ka auna tsaba lafiyayya, fasasshiya, da kwanson da ya fito bai ɓaru ba. Ka maimaita da wani iri mai girman kwanso daban, tunda irin SAMNUT na IAR, cibiyar binciken noma ta Samaru, da na gargajiya ba girmansu ɗaya ba. Ka tabbatar bushewarsu ɗaya, domin mai laima ba ta ɓaruwa da kyau, wadda ta bushe ƙarau kuma fashewa take, sai ka ɗora wa inji laifi ko yabon da ba nasa ba. Rubuta sakamakon da kwanan wata. In kuma akwai layin da ba takardar da ta taɓa shi, misali yadda hannu ɗaya ke motsa rariyoyin ɗakunan biyu kowace da gwargwadonta, to ga ƙirƙirarka nan. A kanta za a rubuta da'awa, ba a kan injin gaba ɗaya ba. Da'awa siririya da za ta tsaya a kotu ta fi mai faɗi da za a ture da takarda ɗaya.

Rumbunan intanet ba su ne ƙarshe ba, kuma kai da ke Zariya abin ya zo maka gida. Ɗaliban sashen injiniyan noma na ABU sun daɗe suna ƙera injinan ɓara da casa a matsayin aikin kammala karatu, kundayensu suna sashen da kuma Laburaren Kashim Ibrahim, wasu an ɗora a intanet. IAR a Samaru tana da shirin injinan noma, haka NCAM, cibiyar injinan noma ta ƙasa da ke Ilorin, ga kwalejojin kimiyya da fasaha irin Nuhu Bamalli. Waɗannan ayyuka galibi ba su da rijista, don haka ba za su fito a Espacenet ba, amma doka tana ƙirga su. Nemi mujallun bincike ta Google Scholar da kalmomin nan dai, ka duba YouTube da Alibaba da hotunan masu sayar da inji na Indiya. Akwai ma injin ɓara na siminti mai juyawa da hannu da wani mai ƙirƙira, Jock Brandis, ya ƙera don ƙauyukan Mali a farkon shekarun 2000, wanda ake daidaita shi gwargwadon girman kwanso. Ƙirarsa daban ce da taka, amma ka san da shi. In za ka je Samaru, tambaya za ka yi, a nuna maka abin da aka taɓa yi a kan ɓarar gyaɗa. Ba ka je bayyana naka ba.

Sauran gurbi biyu. Na farko, takardun da aka yi wa rijista a Nijeriya ba duka ake samu a waɗancan rumbuna ba, sai an duba rijistar Abuja, kai da kanka ko ta wakili. Na biyu, yawancin ƙasashe ba sa wallafa buƙata sai bayan wata 18 da shigar da ita, don haka akwai abin da ke cikin duhu wanda ba mai bincike da zai gani. Shi ya sa ba a cewa bincike ya ba da tabbaci, rage kasada yake yi. Shi ya sa kuma in ka gama ka ga hanya a buɗe ba a jan ƙafa, domin a dokarmu wanda ya fara shigar da takarda shi ke da haƙƙi, ba wanda ya fara ƙerawa ba.

To in ka tarar an riga ka fa? Kada ka ɗauka asara ce, kuma wannan shi ne abin da muka fi so ka ji. Takardar mallaka a ƙasar da ta bayar kaɗai take aiki. Ta Sin ko ta Amurka tana hana ka cewa kai ka fara, amma ba ta hana ka ƙerawa da sayarwa a Sabon Gari, sai in mai ita ya yi rijista a Nijeriya ma. A Espacenet akwai wurin da ke nuna dangin takarda, wato ƙasashen da aka kai ta. Ka lura da kwanan wata: mai buƙata yana da wata 12 daga ranar farko ya kai ta wata ƙasa, in kuma ta hanyar yarjejeniyar PCT ya bi, mai ba da damar shigar da buƙata ɗaya don ƙasashe da yawa, wadda Nijeriya ta shiga a 2005, yana da wata 30. Don haka takardar PCT, mai farawa da WO, da ba ta kai wannan wa'adi ba tana iya shigowa nan. Wadda ta haura shekara 20 kuwa ta zama ta kowa, haka wadda aka daina biya wa kuɗin shekara. Za ka iya karanta yadda wasu suka magance toshewar rariya ko fitar tsaba ta bakin fanka, ka ɗauka ka inganta naka, halal ne. Sai ka tsare kasuwarka ta wata hanya: rijistar suna da tambari a rukuni na 7 na injina, wadda ke yin shekara 7 a sabunta ta, ko rijistar fasalin jikin injin in yana da siffa tasa, shekara 5 ana sabuntawa sau biyu. Ga mai ƙera inji goma ko ashirin a shekara, sau da yawa sunan da manoma suka yarda da shi da samun kayan gyara a kusa sun fi takardar Abuja kawo ciniki.

Yanzu batun bidiyo. Amurka tana yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara guda in shi ya bayyana abinsa, dokarmu ba ta da wannan. Rangwamen da ta yi ɗaya ne, na wanda ya nuna ƙirƙirarsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata 6 kafin ya shigar, kuma ba mu ba ka shawarar jingina da shi ba. Ranar manoma ko baje kolin unguwa ba sa ciki. In bidiyon yana waya bai fita ba, a tura maka kwafi a goge sauran. In ya hau Facebook ko TikTok, duba abin da ya nuna. In jikin inji ne kawai, gyaɗa na shiga tsaba na fita, cikin bai bayyana ba, da sauran magana. In an buɗe murfi an nuna rariyoyi da hannun, lamarin ya yi nauyi, kuma gogewa ba ta mayar da abin da ya riga ya fita. Duk da haka a sauke shi, ka rubuta ranar da aka ɗora da ranar da aka cire, ka faɗa wa lauya gaskiya tun farko. Sayarwa ma bayyanawa ce, mai saye yana iya kwance noti huɗu ya ga komai. Shi ya sa guda biyar ɗin Alhaji za su jira har ka karɓi shaidar ranar shigarwa, ko ka yanke cewa ba za ka yi rijistar ba.

Kuɗin ƙarfen da Alhaji ya bayar ma a warware shi yanzu, tun ana ga-maciji. Sashe na 2 ya ce ƙirƙirar da aka yi cikin aikin da wani ya ba da kwangilarsa, haƙƙinta na mai ba da aikin ne. In bashi ya ba ka ko taimako, wannan daban. In cewa ya yi ƙera mini inji mai kaza ga kuɗi, yana iya cewa nasa ne. Ku zauna da shaidu biyu a rubuta ko menene kuɗin, wa ke da ƙirƙirar, me shi zai samu, ko ragin farashi ko kaso, da alkawarin ba zai nuna wa kowa cikin injin ba. Yaran shago ma su sa hannu a kan riƙe sirri. Ka ajiye littafi mai ɗinkakken shafi da zanenka da kwanan wata da rasiɗan ƙarfe, domin dokar ta ce wanda ya ɗauki ainihin ƙirƙirar wani ba da izini ba ya shigar, haƙƙin yana komawa ga mai ita, amma sai ka iya nuna taka ce.

In takardar layukanka ta nuna akwai abin da ya rage naka, kafin ka nemi ɗan tsakiya tuntuɓi NOTAP, hukumar tarayya da ke Abuja mai taimaka wa 'yan ƙasa masu ƙirƙira wajen dubawa da shigar da takardu, har da ɗaukar kuɗin shigarwa ga waɗanda ta karɓa. Ita ba ta bayar da takardar, ofishin rijista take kai wa, kuma ta kafa ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama. In lauya za ka ɗauka, nemi wanda ya taɓa rubuta da'awar inji, ka ce ya nuna maka samfurin aikinsa, ka miƙa masa takardun da ka tace don aikinsa ya ragu, kuɗinsa ma haka. A raba maka kuɗin gwamnati da ladansa, kowanne da rasidi, kuma ka ga sunanka a fom a matsayin mai nema da mai ƙirƙira kafin ka sa hannu a takardar wakilci. Bayanin da za a shigar ya zama cikakke yadda wani maƙeri zai iya bi ya ƙera, domin da'awa ba ta wuce abin da bayani ya ƙunsa, abin da ka ɓoye ba a tsare maka shi ba. Bayan an bayar akwai kuɗin shekara-shekara har shekara 20, wanda ya makara yana da wata 6 ya biya da tara, in ya wuce takardar ta faɗi. In kuma kana hangen kasuwar Maraɗi ko Damagaram, ta Nijeriya ba ta tsallaka iyaka. Nijar da Kamaru da Chadi da Benin suna ƙarƙashin OAPI, ofishin rijista na haɗin gwiwa da ke Yawunde, kuma wata 12 ɗin nan daga ranar da ka shigar a Abuja su ne wa'adinka na kai ta can.